Mayyar Fim Ɗinmu

Mama Babba, yayar mahaifina, ta rasu wata Talata da hantsi cikin daminar 1998, ana yayyafi. Kafin azahar gida ya cika da 'yan makoki. Amma duk wanda ya saba zaman makoki a Kafanchan, yana shigowa zai san wannan ba irin wanda ya saba ba ne. Matan zumunta na majami'armu sun taru a gindin mangwaro, can nesa da ƙofar ɗakinta, sun gwammace ruwa ya jiƙa su da su zauna a barandarta. Wata takan ɗauko waƙa, biyu su amsa, kafin a kai baiti na biyu ta mutu a bakinsu. Matar wani ɗan'uwanmu da ta zo daga Zonkwa ta ƙi ajiye jaririnta a kan tabarmar gidan, ko nono a tsaye ta ba shi. Na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa idon mamaciyar ɗaya ya rufu, ɗayan mai hakiyar ya ƙi. Waccan ta ce, "An duba ƙarƙashin gadon? Tulun yana nan?"

Lokacin wankan gawa ya yi. Aka dafa ruwa, aka ajiye sabulu da soso a bakin ƙofa. Ba wadda ta tashi. Alhali matar da ke kwance a ɗakin nan ita ta wanke iyayen rabin waɗanda ke zaune a gindin mangwaron.

Ana cikin haka sai ga Hajiya mai daddawa, maƙwabciyarta ta rumfa a kasuwa, tana haki, gyalenta a jiƙe. Ta tsaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me ake jira?"

Matan suka yi ta duban juna.

"Au, tsoro kuke ji? Shekara talatin rumfarmu na jingine da juna, kwano ɗaya muke ci. In da cin mutane take yi, ai da ni za ta fara, na fi ku maiƙo." Ta tuɓe takalmi. "Ni ban san yadda kuke naku wankan ba, amma zan riƙe muku buta. Wadda ta san uwarta ta bi ta hannun matar nan, ta taso."

Mata biyu suka miƙe, kansu a ƙasa. Can ta uku ta bi su.

Ni ina tsaye a jikin bango, na kasa ɗaga ido. Tulun da ake tambaya ni na sayo shi, ni na ɗora mata shi a cinya, ni kuma na rubuta maganar da ta sa garin nan ya juya mata baya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In ban yi ba, abin da zai rage nata a bakin mutane shi ne wani lalataccen fim da ko rabin abin da ke cikinsa ba a gani don duhu.

Mijin Mama Babba leburan reluwe ne, cikin masu bin layi da guduma suna duba ƙusoshi. Wani tarago ya gangaro ya same shi a bayan tasha tun kafin a haife ni. Ta haifi huɗu, ta binne huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da mahaifiyata ta rasu ina da shekara uku, ita ta ɗauke ni daga tabarmar makoki ta goya, ba ta nemi izinin kowa ba. Citta take sayarwa, ɗanya da busasshiya. In ta shafa maka fuska sai idonka ya yi yaji.

Ba ta shiga ɗaki babu gaisuwa, ko da ita ta kulle shi da safe. Za ta buɗe kwaɗo, ta tura ƙofa, ta ce, "Sannunku da gida." Na taɓa tambayarta da wa take. Ta ce, "Kai ka tabbata ba kowa? Gaisuwa ba ta rage mutum da komai."

In mace ta mutu a ikilisiyarmu, kafin a aika wa fasto an aika mata. Tana wanka tana hira da gawar kamar mai yi wa ƙawa kitso. "Ɗaga hannu, 'yar'uwa, in cuɗa miki." Matan da ke taya ta sun sha rantsewa cewa hannun da ya sandare yakan saki a cikin nata. A lokacin baiwa ake kiran wannan, har a sujadar Lahadi a majami'a an sha gode wa Allah saboda ita. Takan ce, "Gawa ba ta da ƙeta. Mai numfashi ake tsoro."

A 1995 kaset-kaset na finafinan kudu suka cika gidajen bidiyo na garin, masu tsafi da jini da fatalwa. Ina koyarwa a wata sakandare, ina kuma jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan majami'armu, sai na ga ai mu ma za mu iya. Mu uku ne a gaba. Ni na rubuta labari. Abokina tun firamare, akawu, dogo mai kaurin murya, shi zai fito a ɗan sandan ciki. Na uku mai kyamara ne, ɗan Ibo da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sana'arsa ɗaukar biki da jana'iza.

Labarin bai da wuya. Maza suna ɓacewa a kwatas. Wani ɗan sandan ciki da duniya ta ishe shi, matarsa ta mutu, ba ya rabuwa da sigari, yana bin sawu lungu-lungu. Fatalwar ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓace tana bayyana gare shi. Sawun ya kai shi ga wata tsohuwa mai kama kurwar mutane tana zubawa a tulu. Sunan fim ɗin ba zan faɗa ba, kada wani ya tafi nema.

Na sami Mama Babba tana shanya citta a kan buhuna a tsakar gida. Na durƙusa na yi ta zuba ina roƙonta ta fito a matsayin tsohuwar, ta bar ni na gama.

"Me tsohuwar ta yi?"

"Kurwar mutane take kamawa, Mama."

"Don me?"

"Mayya ce."

"Na ji. Don me?"

Na yi dariya na ce ai wasa ne kawai. Ta dube ni da idonta mai gani, sannan ta ce, "To."

Mahaifina dattijon ikilisiya ne. Washegari ya zo da Littafi Mai Tsarki a hammata, ko zama bai yi ba.

"Yaya, ba ki da miji, ba ki da ɗa, ga idon nan naki. Kin san garin nan. Abin da mutane suka gani a talabijin ba a wanke shi da sabulu."

"Kai da na goya har ka yi mini fitsari a baya, kai za ka koya mini garin nan?"

"To kin zaɓi shirmen yaro a kan mutuncinki."

"Yaron nawa ne. Mutuncin ma nawa ne."

Wata biyu ba su gaisa ba. In ta shiga majami'a ta ƙofar gabas, sai ya bi ta yamma. Amma duk Asabar takan ajiye masa ƙullin citta a bakin ƙofa saboda tarinsa, ba sallama. Shi kuma ya dafa ya sha, ba godiya.

Cikin zafin watan Maris muka fara ɗauka. Ranar farko ta ga abokina ya fito da doguwar kwat ta gwanjo har gwiwa, da malafa a karkace, yana busa hayaƙi, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa.

"Wannan wane ne?"

"Shi ne ɗan sandan cikin, Mama."

"Da bargo? A wannan ranar? Ai ko makaho zai gane shi. Wanda ya zo binciken mutuwar mijina riga 'yar shara ya sa. Ya zauna ya sha kunu da mu, ya yi hirar damina. Sai da ya tafi muka san ko wane ne."

Fatalwarmu wani malamin lissafi ne siriri. Muka shafe shi da hoda da alli, muka naɗe shi da zanen gado, muka zana masa ja a ƙasan ido. Aikinsa ya miƙa hannuwa ya yi ta kururuwa. Mama Babba ta yi dariya har da hawaye. Sai kuma dariyar ta tsaya cak.

"Na wanke matan da ban san iyakarsu ba, ban taɓa ganin wadda ta yi fari ba. Kuma matacce ba ya ihu. Ihun me zai yi, abin da ake tsoro ya riga ya same shi? In ya zo, da kayansa na kullum yake zuwa, da rana tsaka. Ya gaishe ka, ya tambayi gida da yara. Sai ya wuce, ka kai loma baki, sannan ka tuna ai ka je jana'izarsa."

Mai kyamara ya sauke kyamarar ya yi alamar gicciye. Ban canja komai ba. Ni ne darakta.

Nata wurin mun ɗauke shi a wani tsohon gida na kwatas da aka daina zama, muka toshe tagogi da barguna don ya zama kamar dare. Na ɗora mata tulu a cinya, na ce in ɗan sandan ya shigo ta ƙyalƙyale da dariyar mugunta.

"Ba zan yi kukan kaza ba," ta ce.

Na karanta mata maganar da za ta faɗa. Ta ce in sake. Na sake.

"Canja wannan. Baki shi ke yanka wuya."

Na ce wannan maganar ita ce ran fim ɗin. Abokina ya yi dariya ya ce, "Mama, faɗa kawai. Doyar bana ni da ke za mu ci ta, da manja."

Aka kunna kyamara. Ba ta zare ido ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi kamar mai tausayinsa, ta ce a hankali, "Ɗana, koma gida. Ba za ka ci sabuwar doya ba bana."

Abokina ya manta abin da zai ce, sigarin ya yi ta ci a hannunsa. Da aka tsaya, ta ajiye tulun, ta miƙe ta ɗora masa hannu a ka, ta ce, "Na janye maganar nan, cikin sunan Yesu." Amma an riga an kashe kyamara. Wannan bai shiga kaset ba.

Da aka gama haɗawa, muka taru a falona wata Lahadi bayan sujada don kallon farko. Aka ba ta kujera a gaba. Tun ba a yi nisa ba ta fara.

"Wa ke magana? Ku kunna musu fitila mana."

Gaskiyarta. Bargunan da muka rataya sun cinye komai, sai jan wutar sigari ke yawo a allo. A wani wuri ɗan sandan yana cewa dare ya raba, ga mai tallar gyaɗa tana kira a bayan taga. Duk lokacin da fatalwa za ta fito kuma, sai ƙaramin fiyanon majami'a ya fara kuka tun da sauran nisa.

"Ga shi nan zuwa," in ji ta. "Ya aiko makaɗansa."

A ƙarshen fim wani fasto ya faɗo ɗakin tsohuwar, ya yi addu'a, ya fasa tulu, tsohuwa ta kama da wuta. Tsummokara muka ƙona. Kowa ya tafa, ban da ita.

"To shi mai bargon da ya yi awa biyu yana shan taba, me ya gano? Fasto ne ya yi aikin." Ta juyo ta dube ni. "Shi kun ba shi mata da ta mutu, kun ba shi abin da ke cin ransa, har tarinsa mun ji. Ita ko suna ba ku ba ta ba. Daga ina ta fito? Wa ta binne? Ba wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci. Kun ƙone ta, kowa ya kama hanyar gida."

Na ji haushi, na ce to duk fim ɗin ba wani abin kirki ke nan? Ta ce akwai wuri ɗaya, a mayar da kaset baya zuwa wajen layin dogo.

Wurin kaɗai ne muka ɗauka a sarari, da tsakar rana, a bayan tasha. Ɗan sandan yana tafiya a kan layi yana duban ƙasa. Can bayansa wani mutum ya fito daga cikin ciyawa, da gajeren wandon kaki da doguwar guduma a kafaɗa. Ya hau layin, ya tsaya, ya juyo ya dubi kyamara, ya ɗaga hannu. Sannan ya sauka ta ɗaya gefen.

Mama Babba ta ɗan rusuna a kujerarta ta ce wa talabijin, "Lafiya lau. Sannu da aiki."

Mai kyamara ya mayar da kaset ya sake kunnawa, har sau uku. Ya ce, "Malam, idona yana cikin kyamarar nan daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya wuce." Mu bakwai muke wurin ran nan, ba wanda ya tuna da shi.

"Duk fim ɗinku shi kaɗai ya iya," in ji ta. "Bai shafa hoda ba, bai yi ihu ba. Ya gaisa ya wuce."

"Mama, kin san shi?"

"Mai wucewa ne."

Kafanchan cike take da tsofaffin ma'aikatan reluwe, wasunsu har yau ba su rabu da kakinsu ba. Haka na gaya wa kaina, haka kuma nake gaya wa kaina har yanzu. Sai dai bayan kwana biyu mahaifina ya zo gidana, ya ce in nuna masa shirmen nan ya gani da idonsa. Da aka zo wajen layin dogo ya miƙe tsaye. Bai jira ƙarshe ba, ya bar hularsa a kujera, ya nufi gidan yayarsa. Aka ce sun zauna tare a baranda har la'asar. A ranar nan rigimarsu ta ƙare. Na tambaye shi sau biyu abin da ya gani, sau biyun yana ce mini in kawo masa hularsa.

Fim ya shiga gidajen bidiyo, ya faɗi warwas. In fatalwa ta fito sai ɗaki ya kaure da dariya, ana kiran malamin lissafi da sunansa. Ana ihu a ce wa ɗan sanda ya tuɓe kwat kada ya suma. Wurin Mama Babba kaɗai ake yin shiru. Da an bar shi, cikin wata ɗaya za a manta da shi.

A watan Yuli, doya tana gab da nuna, abokina ya hau bas zuwa Jos don aikin ofis. A gangaren dutse birki ya ƙwace. Mutum uku suka rasu, yana cikinsu.

Kafin sati ya zagayo kaset ɗin da aka jefar ya dawo. Wani mai gidan bidiyo ya rubuta da alli a allon ƙofarsa: ZO KA GA TSOHUWAR DA TA FAƊA TA CIKA. Ba wanda ke kallon fim ɗin daga farko. A kai shi wajen tulu, a ji maganar, a mayar baya, a sake ji. Daga nan aka fara tuna abubuwa. Aka tuna tana gaida ɗakin da ba kowa. Aka tuna gawa tana ɗaga mata hannu. Aka ƙirga 'ya'yanta huɗu da mijinta, aka haɗa har da mahaifiyata. Abin da jiya ake kira baiwa, yau ya zama shaida. Bencin da take zama a majami'a ya riƙa yin fili hagu da dama. Masu sayen citta suka riƙa zagaye rumfarta. In tana tafe, uwa ta janye ɗanta ta rufe masa fuska da zani.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sati biyu bayan jana'izar abokina, Mama Babba ta zo gidana da rana, da kwanon gwaten acca, abincin da na fi so tun ina goye. Ta buɗe ta ajiye a gabana. Na san ni na rubuta maganar. Na san ta roƙe ni in canja. Duk da haka na dubi kwanon, na dubi farin idon nan, hannuna ya ƙi tashi. Na ce na ƙoshi.

Ta ɗauki cokalin, ta ɗebo daga tsakiya, ta ci a gabana a hankali. Ta sake ɗebowa ta ci. Ta goge cokalin da bakin zaninta, ta ajiye kusa da hannuna.

"In ya huce ba daɗi," ta ce, ta fita.

Na cinye shi ina kuka, amma ta riga ta gani. Har ta mutu ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Na bi gidajen bidiyo ina karɓar kaset ina ƙonawa, ashe an kwafe shi ya kai Zonkwa da Zangon Kataf da wuraren da ban taɓa takawa ba. Na tashi a majami'a na ce ni na rubuta maganar, na kawo takardar da rubutun hannuna na ɗaga. Da aka fito na ji wani yana cewa, "Allah sarki, shi ma ta shanye shi."

Mahaifiyar abokina ta sami Mama Babba a kasuwa ran Juma'a, ta hankaɗe kwandon citta, tana ihu, "Ki amayo mini ɗana!" Hajiya mai daddawa ta ɗaura ɗamara za ta shiga. Mama Babba ta riƙe ta.

"Bar ta. Ɗa ta binne. Na san inda take tsaye."

Ta durƙusa ta tsince cittarta ɗaya-ɗaya daga cikin taɓo.

Bayan shekara biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyar abokin nawa, ba baki, ba ƙafa. 'Ya'yanta mata suna aure a Kaduna, maƙwabta suka yi sati biyu suka gaji. Mama Babba ta fara zuwa kowace safiya ta ƙofar baya, da ruwan ɗumi a bokiti. Wata maƙwabciya da ta leƙa ta ba ni labarin ranar farko. Ta ce matar tana ganin wadda ta shigo idonta ya firfito, tana gurnani, tana son gudu ba hali. Mama Babba ta ce, "Sannu da gida," ta naɗe hannun riga, ta wanke ta tas, ta canja shimfiɗa, ta ba ta kunu a cokali. Wata huɗu tana haka. Daga baya, in ta tashi tafiya, sai matar ta damƙe bakin zaninta da hannun da ke motsi ta ƙi saki.

Da matar ta rasu, Mama Babba ta sayi sabon soso da sabulu, ta ɗaura zaninta na aiki, ta zauna a baranda tana jiran aike. Ba a aiko ba. Tana nan zaune, soson a cinyarta, har ta ji waƙoƙi sun wuce zuwa makabarta. Sannan ta tashi ta mayar da soson cikin kwano, ta ce da ni, "Allah ya sa sun cuɗa mata bayan kunne. Ba ta son a taɓa wurin da ƙarfi."

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata nauyi. Na yi na yi ta koma gidana, ta ce ba ta barin ɗakinta. Ranar Asabar ɗin ƙarshe da safe ina zaune ina matsa mata ƙafa, sai muka ji kiɗan matan zumunta da guɗa daga wajen majami'a.

"Auren wa?"

"Autar mai gadin makarantarmu ce, Mama."

Ta lumshe ido ta yi murmushi. "Ta ukun ke nan. Sun ƙare."

Na yi mamaki, don ban san ta san gidan ba. Na ce ina ta san yawan 'ya'yan mai gadi?

"Ka manta abin da ka ce ranar da ka same ni ina shanya? Ka ce in na ƙi, matar mai gadinku za ka sa, wai ita ma tana da fuskar."

Na manta. Wallahi na manta na taɓa faɗa, cikin surutun roƙo ne ya fita.

"Da na hana ka, ba za ka hanu ba, na san wanda na goya. Na je na ga gidan. 'Yan mata uku, ba wadda aka ko tambaya. Wa zai auri 'yar mayya a garin nan?"

"Mama, ashe kin san abin da zai biyo baya?"

"Mutuwar yaron ban sani ba, wannan na Allah ne. Sauran kuwa na sani. Ko bai mutu ba, wata rana akuyar wani za ta mutu." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ni wa na bari a baya da za a ƙi? Sai kai. Kai kuwa namiji ne, ga taurin kai."

Na kifa fuskata a kan ƙafafunta. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta taɓa mini ƙeya da yatsa.

"Ya isa. Tashi ka buɗe taga, ba na jin waƙar sosai."

Na buɗe. Ayarin amarya ya fito daga majami'a ke nan, ya miƙo ta kan titinmu. Ba wanda ya waiwayo gidan. Ta kwanta tana bin kiɗan da yatsa ɗaya a kan bargo, leɓenta na motsi da waƙar, har suka sha kwana.

Kwana uku ta ƙara. Ubangiji ya karɓe ta da hannu biyu, ni kuma ya yafe mini.